Shekarar da Muka Sa wa Fitilu Hula

Da na yi ritaya daga koyarwa, bayan na sha alli a Gagarawa da Sule Tankarkar da Ɗanzomo, sai na tattara iyalina muka tare a ɗan gidan da na gina a wata sabuwar unguwa, can bakin garin Gumel ta hanyar Maigatari. Turakun lantarki ba su iso mu ba tukuna. Gidajen unguwar ba su da yawa, ga masallaci guda, ga fanfon burtsatse, ga wata tsohuwar tsamiya da ta riga kowa zuwa wurin, a gindinta maza ke zaman hantsi. Idan rana ta faɗi duhu yakan sauko gaba ɗaya, kowa ya laluba tocilarsa. Ni hakan ya yi mini daidai, domin ba ni da nauyin barci. Ko sauro ya yi tari a ɗaki sai na farka.

Katangarmu ɗaya da wani Alhaji mai fataucin raguna, wanda kowace Alhamis yana kasuwar Maigatari. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, muryarsa kuma ba ta buƙatar lasifika. Aibinsa guda: idan zai yi maka alheri ba ya tambayarka ko kana so.

Wata rana a farkon bazara ragonsa ɗaya ya ɓace. Washegari aka same shi a bayan gidan liman yana cin harawar da ba tasa ba, igiyarsa ma na wuyansa. Kowa ya ga babu hannun ɓarawo a ciki, amma Alhaji ya riga ya yanke shawara. Alhamis na zagayowa sai ga shi da wani ƙaton kwali a bayan a-kori-kura. Fitilar sola ce, faɗinta ya kai tiren shinkafar biki. Ya kirawo mai walda ya haɗa masa bututun ƙarfe biyu, aka kafa a kusurwar garkensa, daidai jikin katangata, aka ɗora fitilar a bisa. Tsawonta ya wuce lasifikar masallaci.

Da magariba muna tsakar gida ni da mai ɗakina, na kai loma ta uku ke nan, sai fitilar ta kunna kanta. Wani farin haske ya faɗo mana fat, irin na ɗakin tiyata. Shekara da shekaru ina cin tuwon dare, ranar na fara ganin abin da ke cikin miyar.

Mai ɗakina ta yi wuf ta janyo mayafi ta rufe kai, ta ce, "Innalillahi! Malam, wane ne ya shigo?"

Na ce, "Ba kowa. Fitilar Alhaji ce."

Ta ce, "To ai gara a ce mutum ne, ko ba komai zai yi sallama."

Duk wanda ya san bazarar Gumel ya san ba a kwana a ɗaki. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a yayyafa ruwa a ƙasa, a jira iskar asuba. To daren nan mun shimfiɗa, mun kwanta, amma ji nake kamar an kwantar da ni a tsakiyar kasuwa. Na rufe fuska da hula, zufa ta dame ni. Na juya wa fitilar baya, katangar da ke gabana ta maido mini da hasken. Zakaranmu kuwa, bawan Allah, ya rasa gane lokaci. Ya yi cara bayan isha'i, ya sake yi da tsakar dare, da asuba ta yi ta gaske muryarsa ta dishe, sai wani ɗan kuka ya yi kamar mai neman gafara. Abin da ya fi ci wa mai ɗakina rai shi ne makewayinmu, wanda ba shi da rufi. Ta ce ita a shekarunta ba za ta yi wanka a gaban fitila ba, ko da fitilar ba ta da ido.

Da safe ta ce in je in yi masa magana. Na sa babbar riga, na tafi. Na same shi a ƙofar gida yana ba raguna dusa. Muka gaisa, muka tambayi iyali, da zafi, da kasuwa, da lafiyar ragon da ya ɓace. Sannan na gyara murya.

Na ce, "Alhaji, wannan fitila taka, ma sha Allahu. Har cikin gidana take kaiwa."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ta kai ko, Hedimasta?"

Na ce, "Ta kai ƙwarai. Ko allura ce ta faɗi sai an gan ta. Jiya ko runtsawa ban yi ba saboda haskenta."

Ya ce, "Wallahi ni ma haka! Kwana na yi ina kallonta. Kada ka yi mini godiya, Hedimasta, ai haƙƙin maƙwabtaka ne."

Na buɗe baki in gyara zancen, kunya ta riƙe mini harshe. Mutum yana murna haka, ta ina za ka fara? Na yi masa Allah ya sanya alheri, na dawo gida. Da la'asar sai na ji ƙarar tsani a jikin katanga. Alhaji ne da kansa a sama, yana karkato da fuskar fitilar wajen gidana. Ya hango ni ya ɗaga hannu, ya ce, "Na ƙara maka! Naku ɓangaren ya fi buƙata, kai mai karatu ne."

Mai ɗakina ta juyo ta dube ni. Kallon da ta yi mini ya isa.

Kafin wata ya ƙare gidaje huɗu sun kafa irinta, duk daga shago ɗaya a Maigatari, kowa yana so tasa ta ɗara ta maƙwabcinsa tsawo. Da ruwan farko ya sauka, sai ƙwarin ƙasar Gumel kaf suka samu labari. Shinge ya taso kamar hayaƙi, ya yi ta zagaya fitilar Alhaji yana zubowa cikin gidana, cikin randa, cikin kunu, cikin kunnena. Kwaɗi suka biyo shinge, suka yi sahu a gindin katanga. Kajinmu ne kaɗai suka ci riba, suka yi ƙiba har tafiya na yi musu wuya.

A gidan da ke kallon na Alhaji akwai wani mai safiyo, mutumin Filato, Kirista, yana aiki a sashen filaye na ƙaramar hukuma. Ya daɗe a Gumel, Hausarsa ta fi ta wasunmu tsari, kowa na kiransa Oga. Tagar ɗakinsa na kallon fitilar kai tsaye, har ya kai ga rataya bargo a jikinta cikin wannan zafi. Wata safiya a gindin tsamiya ya ce mana, a wasu ƙasashe akwai doka a kan fitilun waje: dole fitila ta kalli ƙasa, kada haskenka ya tsallaka gidan wani, kuma idan dare ya yi nisa a rage shi. Ya ce su a wajensu haske ma ƙazanta ne idan ya zube inda ba a buƙatarsa, kamar ruwan kwata.

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Oga, mu da muka shekara muna roƙon wuta, yau kuma haske ne ya yi mana yawa? Wannan ai zancen ƙoshi ne."

Alhaji ya ce, "Waɗannan ƙasashe, Oga, suna da raguna?"

Ni ma na yi dariya tare da su, ina jin barci na fizgar idona.

Ana haka sai 'yata da ke aure a Maigatari ta aiko wa uwarta da wata 'yar ƙaramar fitilar sola ta sawa a madafa, tare da ɗan rimot ɗinta mai maɓallai biyar. Na kafa ta a jikin ginshiƙi. Bayan isha'i na zauna a tabarma ina gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kowane tsohon malami zai yi. Na danna koren maɓalli, ta kunnu. Na danna wani, ta rage haske. Na danna ja, ta mutu. Sai na ga ba ita kaɗai ta mutu ba. Gidan gaba ɗaya ya yi duhu. Na ɗaga kai, fitilar Alhaji ta yi shiru a kan bututunta, taurari sun fito rututu a bayanta, kamar baƙin da aka daɗe da tsarewa a zaure.

Na danna kore da sauri, duka biyun suka kunnu. Na sake danna ja, duka biyun suka mutu. Ashe kamfani ɗaya ne ya yi su, kuma rimot ba ya tambayar fitilar wane ce.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, me ka yi?"

Na ce, "Gwaji nake yi."

Ta ce, "Da furfurarka? Kunna wa mutum kayansa."

Na ce to, bari in ɗan huta tukuna. Kafin in gama hutawa na ji tana minshari. Ni ma ban san inda kaina yake ba sai kiran assalatu.

Na yi niyyar abin ya tsaya a dare ɗaya. Allah ne shaidata, haka na yi niyya. Amma wanda ya ɗanɗana barci bayan wata biyu ba ya jin wa'azi. Washegari na sake, jibi na sake. Wani lokaci Alhaji yakan farka ya fito da nasa rimot ya kunna, in ji yana gunaguni yana komawa ɗaki. Sai in ƙirga ɗari a zuciyata, in miƙa hannu daga kwance in danna ja. Akwai daren da muka yi haka sau biyar, yana kunnawa ina kashewa, katanga ce kawai tsakaninmu, har na ji ya ce, "Kai, wannan wace irin masifa ce?" Na cusa bakin zane a bakina don kada dariya ta tona ni.

Ranar Alhamis ya kwance fitilar ya mayar wa mai shagon, wani mutumin Damagaram. Da ya dawo ya ba mu labari a gindin tsamiya. Mai shago ya gwada ta a ɗaki mai duhu tun hantsi har azahar, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Duk da haka ya canza masa wata sabuwa, ya ƙara masa da rimot na biyu, ya ce wannan kado ne, kyauta ke nan a bakinsu. Aka kafa sabuwar. Ta mutu a daren farko.

Daga nan Alhaji ya daina zargin fitila, ya koma zargin tsamiya. Ya ce tun yana yaro ya san wa ke zama a irin wannan bishiya, kuma su ba sa son haske. Ya je wajen liman, wani dattijo mai tsangaya, mara yawan magana, gidansa na bayan na Alhaji. Liman ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Alhaji, ni ban ga aljani a cikin wannan magana ba. Addu'a dai ba ta ɓaci, a ci gaba da yi. Amma ko raƙumi ana sauke masa kaya da dare. Ka bar ta ta riƙa hutawa mana."

Alhaji bai gamsu ba. Sai ya zo wurina, tunda ni ne mai ilimin boko. Ya zo da ƙwaryar nono da cinyar rago, ya ajiye a zaure, ya ce, "Hedimasta, ka yi haƙuri. Na saba maka da haske, ga shi yanzu na bar ka cikin duhu kai da iyali. Wallahi kunyarka nake ji."

Rimot ɗin yana cikin aljihuna a lokacin, ina jin sa a cinyata kamar garwashi. Na ce, "Haba Alhaji, ba komai. Wataƙila batir ne."

Naman nan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mai ɗakina ta ce, "Ka kashe masa fitila, ka ci masa rago. Saura ka nemi ya yi maka fifita."

A makon ne aka yi wa wani tsohon abokin aikina rasuwa a Ɗanzomo. Na tafi ta'aziyya ranar Juma'a, na kwana biyu. Rimot ɗin na tafi da shi a aljihu, don na ƙudura cewa daga ranar na tuba. Da na dawo Lahadi, Alhaji ya tare ni tun ban sauka daga kan babur ba, ya ce, "Hedimasta, abin ya ci gaba. Daren Juma'a ta mutu, daren Asabar ta mutu."

Na shafa aljihuna, rimot na nan. Na tambayi mai ɗakina, ta rantse ba ta da hannu, kuma da me za ta kashe? A ranar nan, da na zo wucewa ta gindin tsamiya da magariba, sai da na yi a'uziyya na ƙara sauri. Ni da na san gaskiyar magana, ga shi na fara tsoron ƙaryar da ta fito daga cikinta.

Talata da hantsi na ji hayaniya a waje. Na fito na tarar da Alhaji da wasu masu faskare biyu, kowanne da gatari, suna zagaya tsamiya suna duba inda za ta faɗi. Mutane sun taru. Mai unguwa ya zo, yana cewa a bi a hankali. Liman na tsaye da carbinsa. Oga mai safiyo ya fasa tafiya ofis, yana ta bayanin cewa bishiyar ba a filin kowa take ba. Alhaji ya ce shi ba ya son rigima, zai dasa darbejiya goma a madadinta, amma ba zai zauna a gidansa wasu da ba a gani suna kashe masa fitila ba.

Na dubi bishiyar nan. A inuwarta muke zama, 'ya'yanta matanmu ke kunu da su, ba ta yi wa kowa komai ba. Na ji ƙafafuna sun kai ni tsakiyar taron.

Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a dakata. Aljanin nan ni ne."

Na fito da rimot na ɗaga, na faɗi komai tun daga daren gwaji. Da na gama sai Alhaji ya fashe da dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Allah sarki Hedimasta! Don a bar maka inuwa za ka ɗora wa kanka laifi? Kai da ka zo har gida kana yaba mini ita?"

Na ce wallahi gaskiya nake faɗa, ku tsaya ku gani. Na nufi fitilar da rimot na danna kore. Ba ta kunnu ba. Na sake dannawa, na matsa kusa, na buga rimot ɗin a tafin hannu. Ko alama. Mutane suka fara kallona da tausayi. Ban taɓa sanin cewa mutum zai sha wuya haka wajen tabbatar da cewa shi mai laifi ne ba.

Oga ne ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni. Ya ce irin wannan fitila ba ta kunnuwa muddin farantin solar da ke kanta na ganin rana, sai an rufe shi. Aka kawo tsani, ɗaya daga cikin masu faskaren ya hau ya lulluɓe farantin da buhu. Fitila ta kunnu da rana tsaka. Na danna ja. Ta mutu. Na danna kore, ta dawo.

Dariyar da aka yi a wurin har mata suka leƙo daga zaure. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Alhaji ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, a hankali, abin da ban taɓa ji ya yi ba, "Ka ci cinyar?"

Na ce, "Na ci, Alhaji."

Ya gyaɗa kai. Can sai ya ɗago ya ce, "To tsaya. Juma'a da Asabar kana Ɗanzomo. Wa ya kashe?"

Oga ya yi tari. Ya sa hannu a aljihun wandonsa ya fito da rimot irin nawa sak. Ya ce shi ma ya sayi ƙarama don ƙofar gidansa, kuma ya daɗe yana lura da abin da ke faruwa daga bayan bargonsa. Da ya ga Baba Hedimasta ya yi tafiya, sai ya ga bai kamata aikin ya tsaya ba. Amma ya ce shi daren Juma'a kaɗai ya kashe, ranar Asabar yana Maigatari wajen aikin awo.

Alhaji ya ce, "Na Asabar fa?"

Liman ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce da alama hadari na haɗuwa, ya kamata masu shanya su kwashe. Ya juya ya nufi masallaci yana jan carbi da sauri fiye da yadda ya saba. Daga baya ya gaya mini da bakinsa cewa fitilar masallaci ma da rimot ta zo, kuma shi tun yana matashi da taurari yake gane kusantowar asuba idan ya tashi nafila.

Mai unguwa ya sallami masu gatari, ya ce bayan la'asar kowane magidanci ya zo zaurensa. A can ya ce, laifi biyu ne a gabansa: na wanda ya shiga gidan mutane da haske ba sallama, da na waɗanda suka shiga gidan mutum da rimot ba sallama. Ya ce wa Oga ya maimaita zancen dokar nan da aka yi wa dariya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni kuma aka miƙo mini takarda da biro, aka ce tunda ni na fi kowa sanin harkar fitila, in rubuta.

Ba a sha da daɗi ba. Alhaji ya ce shi ragunansa ba za su kwana a duhu ba, kuma yana da gaskiya. Wani ya kawo maganar kunama, wani ya ce matan da ke zuwa fanfo da asuba fa? Aka yarda fitilar masallaci da ta fanfo su kwana a kunne. Ta gida kuwa kowa ya ga dama ya kafa, amma ta kalli ƙasa, ta kalli gidan mai ita, kuma kada ta wuce katanga da fiye da kamu biyu. Aka yi rabin sa'a ana gardamar kamun wa za a auna da shi, domin hannun Alhaji ya kusa ninka nawa. Daga ƙarshe aka tsaya a kan na mai unguwa, aka yanko kara daidai tsawon aka ajiye a masallaci.

Oga ya ce ko ta kalli ƙasa haske zai riƙa fita ta gefe, sai an yi mata wani abu a kai da zai tare shi. Ya yi ta kwatance da hannu, ya rasa sunan da zai kira abin. Wani tsoho daga ƙurya ya ce, "Hula kake nufi?" Haka na rubuta: kowace fitila ta sa hula. Sannan idan an yi sa'a biyu da isha'i, a danna maɓallin rage haske. Alhaji ya ce shi ma yana da tasa doka, kuma a rubuta ta da manyan baƙaƙe: kada wanda ya ƙara nuna rimot sama da katangarsa. Na rubuta da manyan baƙaƙe. Wanda ya karya ɗaya daga ciki zai share harabar masallaci mako guda. Mai unguwa ya ce dokar za ta fara da waɗanda suka riga ta, Oga mako ɗaya, ni mako uku. Oga ya ce shi ba ya shiga masallaci, amma harabar waje ai ƙasa ce, zai share. Liman ba a ambace shi ba, sai dai an ga yana riga mu fitowa da tsintsiya.

Mai walda ya samu aiki. Tsofaffin kwanonin sha, da tasoshin da suka huje, da murfin tukunya, duk suka hau sama. Fitilar Alhaji saboda girmanta sai da aka yanka mata rabin baho mai zanen furanni. Wanda ya shigo unguwarmu da rana zai ɗauka shanyar kwanuka muke yi a kan sanduna. Da dare kuwa kowace fitila ta zauna a gidan ubangidanta kamar mai tarbiyya, hanya tana ganuwa, sama kuma ta koma ta kowa.

Alhaji ya daina yi mini magana. Idan na yi sallama yakan amsa, don wajibi ne, amma a taƙaice, ba tambayar iyali. Na aika masa da goro, ya karɓa ya raba wa mutane a gabana bai ci ko ɗaya ba. Abin ya dame ni fiye da rashin barcin, domin mutumin bai taɓa nufina da sharri ba, ni ne na kasa faɗin gaskiya da baki na koma faɗinta da maɓalli.

Ina cikin mako na uku na shara aka yi wata iska mai ƙarfi gabanin ruwa. Ta ɗauke bahon Alhaji ta jefa shi a gonar gero, fitilarsa ta kwana ba hula tana haska rabin unguwa. Ya ce iska ce, mai unguwa ya ce dokar ba ta ambaci iska ba, a tambayi wanda ya rubuta. Na ce ni dai abin da aka ce in rubuta na rubuta.

Washegari bayan asuba ina duƙe ina shara, sai na ji ƙarar wata tsintsiya a bayana. Alhaji ne, ya naɗe hannun riga, yana shara irin ta wanda bai taɓa yi ba, yana tura ƙasa daga nan zuwa can. Muka yi ta yi, shi daga kudu ni daga arewa, har muka haɗu a tsakiya, tarin sharata na kallon nasa.

Ya tsaya ya dafa ƙugu, ya dubi inda na share, ya ce, "Hedimasta, mako uku kana wannan aiki, har yanzu ba ka iya lungu ba?"

Na ce, "Ai gara ni, Alhaji. Kai ƙasar masallacin kake kwashewa."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya ce, "Da ka zo ka ce mini, Alhaji fitilarka ta hana ni barci, cizonka zan yi?"

Na ce, "Na zo. Ƙara mini ka yi."

Ya tuno ranar, sai dariya ta ƙwace masa, irin tasa mai tada tantabaru. Ya ce in riƙe buhu shi ya zuba. Muka kwashe sharar tare muka kai juji, yana gaya mini yadda raguna suka yi tsada a Maigatari, ina gaya masa ba haka ake riƙe tsintsiya ba.